Na Ce Musu Da Sauƙi

Abu na farko da aka miƙa mini a ƙasar Jamus, tun kafin ruwan sha, kati ne. Ƙarami ne kamar katin banki, da sunana a jiki, Sa'idu Garba, kuma an rubuta shi daidai, don sau uku na duba a cikin jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga filin jirgi. Wadda ta ba ni shi wata Baturiya ce, uwar 'ya'ya biyu, za ta yi shekara arba'in da 'yan kai. Jami'ar da ta gayyace ni ce ta haɗa ni da ita don ta riƙa yi mini tafinta a aji da wajen aji. Sunanta ya ƙi zama a bakina, da na ji ran Talata aka haife ta sai na sa mata Talatu, ta kuwa karɓa. Hausarta tsaf take, amma ta littafi ce. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba.

"Malam, wannan inshora ce, ta lafiya da ta haɗari," in ji ta. "In ka yi ciwo ko ka faɗi, kamfanin ne zai biya asibiti. Kada ka yar."

Na ce, "Allah ya tsare mu da faɗuwa."

Ta ce, "Amin. Amma kada ka yar."

Ni ba ɗan boko ba ne. Firamare na gama a Kurugu ta ƙasar Karaye, ban wuce nan ba. Abin da na iya shi ne ajami, kuma Baffa Idi, ƙanin mahaifina, shi ya koya mini a Jajaye ta Rogo, inda na tashi a hannunsa bayan rasuwar mahaifina. Wata shekara wani farfesa ya zo yankinmu neman tsofaffin takardu, aka kawo shi wurina, na karanta masa wasiƙun kakanmu da waƙoƙin wa'azi, na kuma kwafa masa wasu da hannuna. Bayan shekara biyu sai ga takarda, wai akwai shirin musayar malamai, suna so in zo in yi wata tara ina koya wa ɗalibansu karatu da rubutun ajami. Ba don ilimi mai zurfi suka kira ni ba. Don hannuna na dama suka kira ni.

Zangona na farko ɗaki ne a hawa na uku, da gado ɗaya da taga ɗaya da wani ƙarfe a jikin bango mai ɗumama wuri. A nan katin ya fara hana ni sakat. Na zauna ina tunani: mutum ya biya kuɗi a kan ciwon da bai zo ba, in ya zo ya ci riba, in bai zo ba ya yi asara, wannan ba caca ba ce? Na kira limaminmu na Kurugu a waya. Ya tambaye ni, ni na nema? Na ce a'a, dokar ƙasar ce, ba a barin baƙon malami ya shiga aji sai da shi. Ya ce to lalura ce, in riƙe abina. Washegari na sake kiran sa don in tabbatar ya fahimci tambayar. Ya ce, "Malam Sa'idu, katin wayarka ne yake ƙonewa, ba imaninka ba."

Na naɗe katin tare da fasfo a cikin wata jakar fata da maiɗakina ta ba ni, na rataya a wuya ƙarƙashin riga. Kullum kafin in fita sai na taɓa. In na sauka ƙasa sai na sake taɓawa.

Wata uku na farko ba abin da ya same ni sai kewa. Rana ba ta daɗewa a garin, ƙarfe huɗu ta tafi. Mutane ba sa gaisawa a hanya. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa, wani dattijo mai kare, na gaishe shi sati biyu cur kafin ya ɗaga kai, amma ranar da ya ga ina fama da injin wanki, shi ya zo ya danna mini bai ce uffan ba. Lokacin a gida ana cirar gyaɗa, sai in tsinci kaina a aji ina rubuta baƙi a allo, zuciyata tana gonarmu ta bakin rafi. Ɗalibaina tara ne. Suna son su ga ina jan alƙalamin kara da na zo da shi, har sukan taso su kewaye tebur.

A wata na huɗu na faɗi. Da safe ne, an kwana ana ƙanƙara, matakalar ƙofar gida ta yi santsi kamar an shafa mata man gyaɗa. Na sa hannun hagu cikin riga ina taɓa jakar katin, ƙafata ta tafi, na tare da hannun dama. Na ji ƙarar a cikin kunnena kafin in ji zafin. Dattijon nan mai kare shi ya ɗaga ni, ya kira Talatu da wayata.

Zango na biyu asibiti. Aka karɓi katin, aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce karaya ce a wuyan hannu. Likitan ya yi magana, Talatu ta juya mini.

"Yana tambaya, yaya kake ji?"

"Da sauƙi."

Ta faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi hannun da ya kumbura kamar kabewa.

"Ya ce daga ɗaya zuwa goma, nawa ne zafin?"

Ban taɓa jin an auna ciwo da lamba ba. Na tsaya ina lissafi don kada in yi ƙarya. Goma ai ta wanda wuta ta cinye ce. Tara ta mai naƙuda. Na tuna wani Bafulatanin Jajaye da bijimi ya soke shi a ciki, aka kawo shi a amalanke yana salati, na ba shi takwas. Da na gama raba wa mutane haƙƙinsu, abin da ya rage mini kaɗan ne.

Na ce, "Uku."

Likitan ya rubuta. Aka ja hannun aka daidaita, aka sa filasta, aka ce in dawo bayan sati a sake hoto.

Satin nan ban san yadda ya wuce ba. Alwala da hannu ɗaya, cin abinci da hagu ina neman gafara a kowace loma. Zafin kamar ana huda ƙashin da basilla. Da muka koma, hoton ya nuna ƙashin ya goce. Likitan ya zana mini a takarda: in ba a yi tiyata an sa ƙarfe cikin sati biyu ba, ƙashin zai haɗe a karkace. Hannun zai yi aikin ɗaukar kaya, amma riƙon alƙalami da jan layi siriri, wannan bai yi mini alkawari ba. Sai dai akwai sharaɗi. Inshorar baƙin malamai ba ta biyan tiyata sai kamfanin ya yarda cewa abin ba zai iya jiran komawar mutum gida ba. Ni kuwa saura wata biyar in koma.

Asibitin ya rubuta musu. Bayan kwana biyu wata mata daga kamfanin ta kira, muna ofishin Talatu. Talatu ta ajiye wayar a tebur yadda duk za mu ji. Muryar matar mai taushi ce, har na ji kamar wata 'yar uwa ce ta zo dubiya.

"Tana tambaya, yaya hannun?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Ki ce na gode da ta tambaya."

"Kana samun barci?"

"Ana taɓawa."

"Ciwon yana hana ka aiki?"

Ina zuwa aji kullum, ina karanta musu da baki, don kada a ce an kawo ni na zauna ina cin albashi a banza. Na ce, "A'a, ba komai."

"Za ka iya haƙuri da shi?"

"Haƙuri ai ya zama dole."

Talatu ta juya duk abin da na faɗa, kalma da kalma, yadda aka koya mata. Matar ta yi godiya, na yi godiya. Na fito ina jin na yi abin da ya kamata.

Kwana huɗu sai ga wasiƙa. Talatu ta karanta, fuskarta ta canza. Kamfanin ya ce takardar asibiti ta farko ta nuna zafin uku ne cikin goma, mara lafiyan da bakinsa ya ce yana samun sauƙi, yana barci, yana aiki, kuma zai iya haƙuri. Saboda haka tiyatar za ta iya jira har ya koma ƙasarsa.

"Ban gane ba," in ji Talatu. "Likita ya ce wajibi ne. Amma kai ka ce da sauƙi. Wataƙila jikinka yana warkewa da sauri."

Na ce, "Wataƙila." Ni kaina ban ga inda na yi kuskure ba. An tambaye ni cikin ladabi, na amsa cikin ladabi.

Zango na uku masallacin Juma'a, wani ɗaki a ƙarƙashin kantin Turkawa. A nan na haɗu da wani mutum mai jin Hausa, ya ce a kira shi Ɗan'azumi. Ya ga filastar ya girgiza kai, ya ce Bature bai san ƙashi ba, su gidansu maɗora ne kaka da kakanni. Na ce filastar ba ta ciruwa. Ya ce ba sai an cire ba, zai sa a sayi kaza a garinsu, babansa ya karya mata ƙafa ya ɗora da sunana, ranar da ta taka ni ma na warke. Na san ana yin haka, na taɓa gani a Rogo ina yaro, amma mai karayar yana wurin ake yi. Na faɗa masa. Ya ce, "Haba Malam, yanzu da ake ɗaura aure ta waya?" Na ba shi kuɗin kaza da na goro. Na koma ɗaki ina tunanin ko na yi shirka, ina kuma tausayin kazar. Ashe ban da dalilin tausayinta. Lambar da ya ba ni ba ta taɓa shiga ba, limamin masallacin kuma ya ce sau biyu kawai ya taɓa ganin sa. Kwana uku na zubar ina jiran labarin kaza.

Ranar Litinin bayan aji, saura kwana biyar wa'adin likita ya cika, ina ofishin Talatu sai Yaya Hamisu, babban ɗan Baffa, ya kira daga Jajaye. Tun kafin in taso Baffa yake kwance. Hannuna ɗaya ne, sai na ajiye wayar a tebur na buɗe murya. Muka gaisa, muka tambayi iyali da shanu.

Na ce, "Yaya jikin Baffa?"

Ya ce, "Da sauƙi."

"Yana cin abinci?"

"Ana taɓawa."

"Yana gane mutane?"

"To, alhamdulillahi. A dai ci gaba da addu'a."

Da ya kashe wayar na sunkuyar da kai, hawaye ya zubo mini. Talatu ta miƙo mini takardar share hanci, tana kallona cikin mamaki.

"Malam, me ya faru? Na ji ya ce da sauƙi."

Na ce, "Malama Talatu, ai ko mutum yana gargarar mutuwa, da sauƙi ake cewa. Ba a cewa babu sauƙi. Baffa tafiya yake yi."

Sai ta dubi filastar.

"To hannunka fa?"

Ni ma na dube shi.

"Malam, yaushe rabonka da barci?"

"Tun ranar da na faɗi, sai dai gyangyaɗi."

Ta miƙe tsaye, fuskarta ta yi ja. Ban taɓa ganin ta cikin fushi ba, Hausar ma ta fara kakkarye mata. "Wata huɗu kana koya mana. Ka koya mana gaisuwar safe, ta gajiya, ta mai aiki, ta wanda ya dawo daga kasuwa. Me ya sa ba ka koya mana wannan ba?"

Na ce, "Ban san abin koyarwa ba ne. Kowa ya sani."

"Kowa a Karaye."

A ranar ta rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa, farfesa ya sa hannu. Suka amsa cewa ba za su canza magana a kan bayanin tafinta ba, sai likitan da suka zaɓa ya duba ni ya ji daga bakina. Aka sa ranar Alhamis.

Kwana biyun nan na yi su cikin wasiwasi. Baffa ya tarbiyyantar da mu cewa mai ciwo ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin bayi. Na ga lokacin da ƙafarsa ta ruɓe da ciwon suga, ana wanke ta yana cewa da sauƙi. Yanzu yana can yana fama da ransa bai ce komai ba, ni kuma zan zauna gaban Bature in ce babu sauƙi saboda hannu ɗaya? Kuma in na faɗa, ba na zama mai baki biyu ba, jiya wata magana yau wata? Na kira limaminmu na Kurugu sau biyu, wayarsa a kashe.

Zango na huɗu wani benci ne a barandar asibiti. Talatu ta je neman ɗakin likitan, ina zaune ina jan carbi da hagu, sai na ji an ce, "Sannu, Malam. Bahaushe ne?" Wata dattijuwa ce da rigar ma'aikata, tana tura gadon marasa lafiya. Ta ce sunanta Hajiya Mariya, 'yar Zangon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a asibitin. Hular kaina ta gani.

"Yaya hannu?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. To yanzu gaya mini gaskiya, don leɓenka ya bushe kamar na mai azumi."

Ban san dalili ba, sai na kwashe komai na faɗa mata, har da kazar. Ta yi dariya har ta dafa gadon.

"Kaza ta waya. Kai ƙanena, da ni ka ba kuɗin da na soya maka ita ka ci." Sai ta zauna kusa da ni, ta daina dariya. "Ji nan. Ni da na tambaye ka yanzu, 'yar dubiya ce. Ni ake ce wa da sauƙi, don ba abin da zan iya yi maka sai addu'a. Wanda ke cikin ɗakin can ba dubiya ya zo ba. In babur ɗinka ya lalace ka kai wa bakanike, ya ce me ya same shi, ce masa kake yi da sauƙi?"

"A'a."

"To ƙarar Allah ka kai wa bakanike?"

Na ce, "Hajiya, babur daban, jiki daban."

"Jikin ma ba naka ba ne, amana ce. Wa ya koya maka rubutun?"

"Baffana."

"To je ka bar hannun ya karkace, ka koma ka ce masa ladabi ka yi."

Ta ciro dabino biyu daga aljihu ta sa mini a hannun hagu, ta tura gadonta ta wuce. Ban sake ganin ta ba.

Likitan kamfanin tsoho ne mai tabarau. Ya duba hotunan, ya latsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya yi tambayarsa. Talatu ta juya mini, ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta ma dube ni ba.

"Yaya hannun?"

Kalmar ta zo bakina da kanta, har na buɗe leɓe. Na haɗiye ta. Na ce, "Alhamdulillahi a kan kowane hali. Wannan ba sai kin juya ba, ba da shi nake ba." Na numfasa. "Ki ce masa babu sauƙi. Ba na barci. Yatsu uku ba na jin su. Na gwada riƙe alƙalami jiya ya faɗi."

"Daga ɗaya zuwa goma?"

"Na wasu zan haɗa, ko nawa kaɗai?"

Ta tambaye shi. Ya cire tabarau ya dube ni. "Ya ce naka kaɗai."

"To takwas."

Ranar Asabar aka yi tiyatar, aka sa ƙarfe da kusoshi. Da na farfaɗo Talatu tana zaune da mijinta, sun kawo mini shayi a gora. Ta ce, "Malam, yaya jiki?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Wanne? Na Karaye ko na likita?" Na ce mata na likita sai gobe.

Baffa ya rasu ranar Lahadi. Ba su gaya mini ba sai bayan kwana tara, duk kiran da na yi a tsakani da sauƙi ake ce mini, don sun ji ina asibiti. Ban yi fushi da su ba. Da ni ne a Jajaye haka zan yi.

Na ƙarasa watannina. Sati shida ina zuwa wurin masu motsa hannu, suna sa ni matsa ƙwallon roba kamar yaro, kamfanin ya biya ba tare da wata magana ba. Hannun ya dawo, amma ba duka ba. Ina rubutu, da shi na rubuta wannan, sai dai bayan shafi biyu dole in ajiye, kuma in na ja harafin lam yakan ɗan karkata, abin da Baffa ba zai taɓa bari ya wuce ba. Kwanakin da na zubar tsakanin wasiƙa da kaza, likita ya ce su suka taɓa jijiyar. Katin ya daina aiki ranar da na sauka Kano, amma har yanzu yana cikin jakar fatar, wani lokaci sai in ji hannuna ya tafi neman sa.

Kwana biyu da isowata Kurugu na hau babur zuwa Jajaye yin ta'aziyya. Zauren Baffa ya cika, don an ji ɗan Jamus ya dawo. Kowa ya zo sai ya kama hannun daman nan da hannun noma ya matse, ya girgiza, ya ce yaya hannu. Na ce da sauƙi. Na faɗa ya fi sau arba'in, gumi yana keto mini, kuma ban ji na yi ƙarya ko sau ɗaya ba, don 'yan dubiya ne.

Washegari hannun ya kumbura. Na tafi asibiti a Karaye, na bi layi har azahar. Likitan matashi ne, ya gaji, ko kai bai ɗaga ba.

Ya ce, "Baba, yaya jiki?"

Na ja kujera na zauna, na naɗe hannun riga.

Na ce, "Likita, gaisuwa kake yi ko tambaya?"